Alamomin bin diddigi a kanel ɗin Linux: tambayoyin da masu harhaɗawa suka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga ɗalibai da masu rubuta direbobi da masu kula da sabobi, waɗanda suka harhaɗa kanel, wato zuciyar tsarin Linux, da kansu, suka buɗe shi a GDB, shirin bin diddigin kurakurai, sai suka tarar da lambobi tsagwaronsu, babu sunan fayil balle lambar layi. Misalan duka na Linux ne a kan kwamfuta mai x86-64, ana harhaɗawa da GCC ko Clang.

Mene ne alamomin bin diddigi, kuma me suke ƙara wa kanel?

Idan kwamfaila, irin su GCC ko Clang, ta juya rubutun C zuwa umarnin da inji ke ganewa, sunayen da mai rubutu ya raɗa wa ma'ajiyai da fasalin tsare-tsaren bayanai da lambobin layuka duk ɓacewa suke yi, domin inji ba ya buƙatarsu. Idan aka ba ta tutar `-g`, sai ta rubuta waɗannan bayanai a gefe: wane adireshi ne ya fito daga wane layi na wane fayil, wace rajista ce ke riƙe da wace ma'ajiya a wane lokaci, kuma wane fili ne yake a wane matsayi a cikin tsari irin su `task_struct`. A Linux ana rubuta su ne bisa tsarin DWARF, a cikin sassan fayil ɗin ELF masu sunaye irin su `.debug_info` da `.debug_line` da `.debug_str`.

Kanel kansa ba ya karanta waɗannan sassa yayin da yake aiki. Masu karanta su kayan bincike ne: GDB, da `crash` da `drgn` masu duba hoton ƙwaƙwalwar da kdump ya ajiye bayan faɗuwa, da SystemTap, da `perf probe` idan ana son ganin ƙimar wata ma'ajiya a wani layi.

Ai saƙon oops yana nuna sunayen fankishin tun ban kunna komai ba. Ba su ke nan ba?

Ba su ba ne. Sunayen da ke fitowa a jerin kira na oops, saƙon da kanel ke bugawa idan ya ci karo da kuskure, daga kallsyms suke, wato wani ƙaramin jadawali da `CONFIG_KALLSYMS` ke sakawa a cikin kanel, wanda bai ƙunshi komai ba sai suna da adireshin farawa. Shi ne ake gani a `/proc/kallsyms`, kuma kusan irin bayanin ne ke cikin fayil ɗin `System.map`. Da shi kanel zai iya cewa ya faɗi a wani fankishin, bayan bait kaza daga farkonsa, amma ba zai iya faɗin layi ba, kuma bai san irin bayanan da fankishin ɗin ya karɓa ba. Juya wannan tazara zuwa layin rubutu aikin DWARF ne, kuma an yi bayanin yadda ake yi a amsar da ta shafi `decode_stacktrace.sh` can ƙasa.

Yaya ake kunna su?

A cikin `make menuconfig` a shiga Kernel hacking, a tabbatar an zaɓi Kernel debugging, wato `CONFIG_DEBUG_KERNEL`, sannan a shiga Compile-time checks and compiler options, a buɗe Debug information, a zaɓi ɗaya daga cikin nau'o'in DWARF. Wanda ba ya son bin menu zai iya rubuta `scripts/config -e DEBUG_KERNEL -d DEBUG_INFO_NONE -e DEBUG_INFO_DWARF5`, ya bi shi da `make olddefconfig`, sannan ya sake harhaɗawa. Tun da tutocin kwamfaila sun canza, kusan kowane fayil za a sake harhaɗa shi, don haka a shirya wa jira.

A nan ne tsofaffin bayanai suke ɓatar da mutane da yawa. Kafin siga ta 5.18, wadda ta fito a 2022, `CONFIG_DEBUG_INFO=y` kaɗai ake sawa. Daga wannan siga zuwa gaba an mayar da shi zaɓin da ba a taɓa shi kai tsaye, sai dai wani zaɓi ya kunna shi: `DEBUG_INFO_DWARF_TOOLCHAIN_DEFAULT` ko `DEBUG_INFO_DWARF4` ko `DEBUG_INFO_DWARF5`. Duk wanda ya rubuta tsohon layin da hannu a `.config` na sabon kanel, `make olddefconfig` zai share shi ba tare da gargaɗi ba, a yi harhaɗawa ta tsawon lokaci a ƙare babu alama ko ɗaya. Saboda haka, kafin a fara, a duba da `grep DEBUG_INFO .config` a ga abin da ya tabbata a ciki.

Wane DWARF zan zaɓa, na 4 ko na 5?

An fitar da DWARF 4 a 2010, DWARF 5 kuma a 2017, kuma na 5 ya fi tattalin wuri. GCC 11 da Clang 14 sun mayar da shi abin da suke fitarwa idan ba a ce musu komai ba, don haka zaɓin da ya bar wa kwamfaila hukunci galibi na 5 yake bayarwa a yau. Sharaɗin shi ne kayan da za su karanta su gane shi: GDB 8.0 ko sama, da binutils 2.35.2 ko sama. Idan a sabuwar kwamfuta ake harhaɗawa amma a tsohuwar saba za a yi bincike da tsohon `crash`, na 4 ya fi kwanciyar hankali. A ganina gwamma a zaɓi lamba a fili da a bar wa kwamfaila, domin `.config` ɗaya ya ba da sakamako iri ɗaya a kowace kwamfuta.

Na gama harhaɗawa. A wane fayil alamomin suke, kuma ta yaya zan tabbatar?

Suna cikin `vmlinux`, fayil ɗin da ke saman foldar da aka yi harhaɗawa. Ba sa cikin `arch/x86/boot/bzImage`, wanda shi ne ake kwafa zuwa `/boot` da sunan `vmlinuz`, domin shi an cire masa alamomi an matse shi kafin a liƙa masa ɗan shirin da ke warware shi lokacin tashi. Harafi ɗaya ne ya raba sunayen biyu, kuma ba a ƙirga mutanen da suka miƙa wa GDB wanda bai dace ba. Akwai `scripts/extract-vmlinux` mai ciro ELF daga cikin `vmlinuz`, amma abin da yake cirowa fanko ne ta fuskar alamomi, tun da abin da aka cire kafin matsewa ba ya dawowa.

Don tabbatarwa, `file vmlinux` zai ambaci `debug_info` ya kuma ce ba a cire alamomi ba, sannan `readelf -S vmlinux | grep debug` zai jero sassan. Gwajin da ya fi gamsarwa shi ne a buɗe `gdb vmlinux` a rubuta `list start_kernel`. Idan layukan `init/main.c` suka bayyana, aiki ya yi.

Shin kanel zai yi nauyi ko ya rage gudu?

A'a. Sassan DWARF ba a ɗora su a ƙwaƙwalwa, kuma `bzImage` ba ya ɗauke da su, saboda haka gudun kanel bai canza ba. Abin da ke rikita mutane shi ne maƙwabtansu a menu ɗin Kernel hacking, irin su KASAN mai sa ido kan taɓa ƙwaƙwalwa da `PROVE_LOCKING` mai bin diddigin makullai, waɗanda su kam suna ƙara umarni a cikin kanel kuma suna rage gudu sosai. Kuɗin da alamomi ke ci a wurin ajiya ne da lokacin harhaɗawa, kamar yadda tambaya ta gaba ta nuna.

Faifaina ya cika ana tsakar harhaɗawa. Me zan rage?

Wannan ya fi samun wanda ya kwafo `.config` na Ubuntu ko Fedora, inda ake harhaɗa dubban modul, wato sassan kanel da ake ɗorawa daban, kowanne da nasa DWARF. `vmlinux` kaɗai yana kai ɗaruruwan megabait, foldar gaba ɗaya kuma tana cin gigabait masu yawa. Maganin da ya fi kowanne shi ne rage abin da ake harhaɗawa tun farko: `make localmodconfig` yana duba modul ɗin da ke ɗore a kwamfutar a lokacin ya kashe sauran, amma a tuna cewa na'urar da ba a jona ba a wannan lokaci direbanta ba zai shiga ba. Wanda a QEMU, shirin da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, zai yi gwaji, `make defconfig` ya ishe shi a matsayin mafari.

Akwai kuma zaɓuɓɓuka uku a menu ɗin. Na matsewa, da zlib ko zstd, yana rage girma ba tare da asarar bayani ba. `DEBUG_INFO_SPLIT` yana fitar da mafi yawan bayanan zuwa fayilolin `.dwo` a gefen kowane fayil da aka harhaɗa, wanda ke rage maimaitawa, sai dai daga nan `vmlinux` ba ya wadatar da kansa, dole a adana foldar tare da shi. Na ukun, `DEBUG_INFO_REDUCED`, shi ne ya kamata a yi hattara da shi: yana zubar da yawancin bayanin tsare-tsaren bayanai, ya bar lambobin layi. Ya isa ga mai fassara oops, amma mai son buɗe `task_struct` a GDB ko `crash` zai tarar an ce masa nau'in bai cika ba.

Sai kuma lokacin girkawa. `make modules_install` yana kwafa modul da alamominsu zuwa `/lib/modules`, daga nan su kumbura initramfs, wato ƙunshin fayilolin da kanel ke fara ɗorawa lokacin tashi, har `/boot` ya cika. A yi amfani da `make INSTALL_MOD_STRIP=1 modules_install`, wanda ke cire alamomin daga kwafin da aka girka ya bar na foldar harhaɗawa yadda suke. Kada a bi modul da aka riga aka sa wa hannu da `strip` daga baya, domin sa hannun a ƙarshen fayil yake kuma zai lalace.

Harhaɗawa ta tsaya da ƙorafi kan pahole da BTF. Me ya haɗa su da wannan?

BTF taƙaitaccen bayanin nau'o'in bayanai ne da shirye-shiryen eBPF, ƙananan shirye-shiryen da ake gudanarwa a cikin kanel, ke dogara da shi, kuma ba kamar DWARF ba, shi ana ɗora shi tare da kanel, ana ganinsa a `/sys/kernel/btf/vmlinux`. Daga DWARF ake tatso shi, kuma `pahole`, wanda Arnaldo Carvalho de Melo ya rubuta, shi ke wannan aiki a matakin ƙarshe na haɗa `vmlinux`. Idan `CONFIG_DEBUG_INFO_BTF` yana kunne amma babu `pahole` ko ya tsufa, za a samu matsala. A girka kunshin `dwarves` ko `pahole`, gwargwadon sunan da rarrabawar ta ba shi, ko kuma a kashe zaɓin idan ba a buƙatar `bpftrace` da danginsa. BTF ba ya tafiya tare da `DEBUG_INFO_REDUCED` ko `DEBUG_INFO_SPLIT`, don haka wanda ya kunna ɗayansu bisa amsar da ta gabata zai ga zaɓin BTF ya ɓace daga menu.

Alamomi suna nan, na haɗa GDB da QEMU, amma matsayar (breakpoint) da na sa ba ta kamawa. Ina matsalar?

Kusan kullum KASLR ne. `CONFIG_RANDOMIZE_BASE`, wanda yake kunne da kansa a x86 tun siga ta 4.12 a 2017, yana sa kanel ya zauna a adireshi daban duk lokacin da ya tashi, domin wahalar da masu kutse. Adiresoshin da ke cikin `vmlinux` kuwa na wurin da aka tsara tun wajen haɗawa ne, saboda haka GDB yana dasa matsaya a inda babu kowa. A ƙara `nokaslr` a layin umarnin kanel: `qemu-system-x86_64 -kernel arch/x86/boot/bzImage -append "console=ttyS0 nokaslr" -nographic -s -S`, tare da initramfs ko faifan da za a tashi da shi. Tutar `-s` tana buɗe wa GDB ƙofa ta 1234, `-S` kuma tana riƙe inji har sai an ce ya tafi. A wata tagar sai a buɗe `gdb vmlinux` a rubuta `target remote :1234`. A lura da rabon aikin: QEMU yana karɓar `bzImage`, GDB yana karɓar `vmlinux`, kuma dole su zama na harhaɗawa ɗaya.

Dalili na biyu ya shafi farkon tashi. Matsaya ta yau da kullum ana yin ta ne da rubuta wani umarni na musamman a cikin ƙwaƙwalwa, amma a lokacin da `-S` ya tsayar da inji ba a warware kanel ba tukuna, kuma ba a shimfiɗa adiresoshinsa ba. Don tsayawa a `start_kernel` a yi amfani da `hbreak start_kernel`, wanda ke aiki da rajistocin da injin ya ware don wannan. Su huɗu ne kawai a x86, don haka bayan kanel ya tashi a koma `break`.

Modul ɗina fa? GDB bai san fankishin ɗinsa ba.

Alamomin modul suna cikin fayil ɗinsa na `.ko`, ba a `vmlinux` ba, kuma adireshinsa ba ya tabbata sai an ɗora shi. Hanyar hannu ita ce a karanta `/sys/module/sunansa/sections/.text` da ikon root a cikin injin da ake bincike, sannan a ba GDB `add-symbol-file` da sunan fayil ɗin da wannan adireshi, a ƙara na `.data` da `.bss` idan ana son ma'ajiyai. Tana aiki, amma duk sake ɗorawa sai an maimaita.

Hanyar da ta fi ita ce `CONFIG_GDB_SCRIPTS`, rubutun Python da Jan Kiszka ya kawo, wanda ya shiga a siga ta 4.0 a 2015. Bayan kunna shi a gudanar da `make scripts_gdb`, a kuma saka `add-auto-load-safe-path` da hanyar foldar a `~/.gdbinit`, domin GDB ba ya yarda ya ɗora `vmlinux-gdb.py` daga wurin da ba a amince masa ba. Daga nan umarnin `lx-symbols` zai nemo kowane `.ko` a ƙarƙashin foldar ya ɗora alamominsa a adireshin da ya dace, kuma zai riƙa sabuntawa da kansa idan aka ɗora sabon modul. Tare da shi ake samun `lx-dmesg` da `lx-ps` da `lx-lsmod`. Fayil ɗin `.ko` da za a nuna masa shi ne na foldar harhaɗawa, ba wanda `INSTALL_MOD_STRIP` ya tsiraita ba.

Me ya sa GDB yake cewa an tace ma'ajiya, kuma layuka suna tsalle gaba da baya? Ba zan iya harhaɗawa da -O0 ba?

Saƙon `<optimized out>` ba alamar kuskure a saiti ba ce. Ana harhaɗa kanel da `-O2`, ko `-Os` idan an zaɓi ƙanƙanta, kuma a wannan mataki kwamfaila tana cusa ƙananan fankishin cikin masu kiransu, tana sake jera umarni, tana kuma sake amfani da rajista da zarar an gama da abin da ke cikinta. DWARF gaskiya yake faɗa: a wannan wuri ƙimar ba ta ko'ina.

Kanel gaba ɗaya ba ya harhaɗuwa da `-O0`, domin rubutunsa ya dogara da cewa kwamfaila za ta zubar da rassan da ba za a taɓa bi ba, kuma binciken lokacin harhaɗawa irin na `BUILD_BUG_ON` yana buƙatar ta gano ƙimomi tun kafin gudu. Ga kuma matsalar wuri, tun da tarin kira (stack) na kowane zare (thread) a kanel ɗin x86-64 kilobait 16 ne kawai. Abin da ake yi shi ne sassauta wa fayil ɗaya: a Makefile na foldarsa a ƙara `CFLAGS_sunansa.o += -Og`, ko a sa `noinline` a kan fankishin da ake bibiya. A sani dai cewa wannan yana canza umarnin da ke gudu, kuma kuskuren da ya danganci tseren lokaci tsakanin zare biyu yana iya ɓuya saboda canjin.

Kanel ɗin da ba shi da alamomi ya faɗi, ina da vmcore, wato hoton ƙwaƙwalwar da kdump ya ajiye. Zan iya sake harhaɗawa da alamomi in bincika?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a nan, kuma amsarta ita ce kada a dogara da hakan. Alamomi kamar awon tela suke, na mutum ɗaya ne, ko da ɗan'uwansa ya yi kama da shi. Gaskiya ne an tsara GCC yadda `-g` ba zai canza umarnin da take fitarwa ba, amma sake harhaɗawa ba `-g` kaɗai yake taɓawa ba. Idan sigar kwamfaila ko ta binutils ta motsa ko kaɗan, ko wani zaɓi ya canza a `.config`, ko an ƙara gyara ɗaya a rubutun, adiresoshi suna gocewa. Mafi muni shi ne GDB ba zai yi ƙorafi ba: zai nuna sunan fankishin da lambar layi cike da tabbaci, alhali na wani wuri ne, mutum ya ɓata kwanaki yana tuhumar rubutun da ba shi da laifi. `crash` ya fi shi tsanani, domin yana gwada layin sigar kanel na fayilolin biyu ya ƙi buɗewa idan suka saɓa.

Ana tantance dacewa da lambar shaidar haɗawa (build ID), wadda ake ƙirƙira daga abin da ke cikin fayil ɗin. `readelf -n vmlinux` yana nuna ta fayil, `perf buildid-list -k` kuma yana nuna ta kanel ɗin da ke gudu. Idan ba su zo ɗaya ba, ba fayil ɗin ba ne. Gwaji mai sauƙi kafin wannan shi ne a kwatanta `/proc/version` da abin da `strings vmlinux | grep "Linux version"` ya fitar, har da lambar harhaɗawa da lokacinta.

Tun da an ga cewa alamomi ba sa rage gudu, babu hujjar girka kanel a injin da ake ji da shi ba tare da su ba. A riƙa harhaɗawa da su koyaushe, kuma da zarar an gama a kwafe `vmlinux` da `System.map` da `.config` da fayilolin `.ko` zuwa wata folda mai ɗauke da sunan sigar, domin `make` na gaba zai rubuta a kansu, `make clean` kuma zai share `vmlinux`. Masu Debian da Ubuntu suna da sauƙi: `make bindeb-pkg` yana fitar da kunshin `-dbg` daban idan alamomi suna kunne.

Ban harhaɗa da kaina ba, kanel ɗin rarrabawata nake amfani da shi. Ina zan samo alamominsa?

Masu rarrabawa suna ajiye su a kunshi daban. A Ubuntu sunansa yana ƙarewa da `-dbgsym` kuma daga rumbun ddebs ake samunsa. A Debian yana ƙarewa da `-dbg`. A Fedora da Red Hat `kernel-debuginfo` ne, ana girka shi da `dnf debuginfo-install kernel`. Duka suna zuba fayilolin a ƙarƙashin `/usr/lib/debug`. Sharaɗin amsar da ta gabata yana nan daram: lambar kunshin ta dace da abin da `uname -r` ya nuna harafi da harafi. Kunshin yana da girma ƙwarai, don haka mai sayen data da awo ya duba girmansa kafin ya fara saukewa.

Oops kawai nake da shi a rubuce. Dole sai na kafa GDB da QEMU?

Ba dole ba, kuma yawancin kurakurai a nan ake gano su. A ajiye saƙon a fayil, a gudanar da `scripts/decode_stacktrace.sh vmlinux < oops.txt`, zai sake buga jerin kiran da sunan fayil da lambar layi a gefen kowane mataki. Idan wuri ɗaya ake so, `scripts/faddr2line vmlinux` tare da sunan fankishin da tazararsa kamar yadda oops ya rubuta su zai ba da layin, har da jerin fankishin da aka cusa a wurin. Da yake suna da tazara ake ba su, ba cikakken adireshi ba, KASLR ba ya dame su. Idan a cikin modul aka faɗi, `faddr2line` fayil ɗin `.ko` ake ba shi a madadin `vmlinux`.

GDB yana faɗin sunan fayil da layi, amma ya ce bai ga fayil ɗin ba. Me ya rage?

DWARF ba ya ɗauke da rubutun tushe, hanyar foldar da aka yi harhaɗawa a ciki kawai yake riƙewa. Idan an matsar da foldar, ko a wata kwamfuta aka harhaɗa, kamar yadda yake ga kunshin masu rarrabawa, sai a duba tsohuwar hanyar da `info source` bayan an yi `list`, sannan a rubuta `set substitute-path` da tsohuwar hanya da sabuwa. Rubutun da za a nuna masa ya zama na sigar da aka harhaɗa tare da duk gyare-gyaren da aka ɗora mata. Ga kanel ɗin rarrabawa, wannan yana nufin kunshin tushe nasu, ba wanda aka sauko da shi daga kernel.org ba.